Buntun Shinkafa da Ruwan Marina: Abin da Lambara Za Ta Iya Sayar wa Birni

Akwai wani aikin bincike da ɗaliban kimiyyar sinadarai a jami'o'inmu na Arewa suka yi ta maimaitawa har ya zama kamar al'ada. Ɗalibi zai samo buntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko totuwar masara, ya wanke, ya shanya, ya ƙona ya zama gawayi, ya niƙa. Sai ya dama ruwa mai launin shuɗi a cikin kwalba, ya zuba garin gawayin, ya girgiza, ya tace. Ruwan da ya shiga shuɗi sai ya fito garau. A rubuta sakamako, a ɗaure kundi, a ba da digiri. Aikin gaskiya ne, babu rufa-ido a cikinsa, kuma an yi irinsa a Indiya da Malesiya da Masar da Birazil. Amma kwatar da ke bayan gidajen masu rinin shadda a Kano da Sakkwato tana nan tana gudu, yau ja, gobe kore, jibi ruwan hanta, kamar ba a taɓa rubuta ko layi ɗaya a kanta ba.

Wannan tazara da ke tsakanin kwalbar ɗalibi da kwatar marini ita ce ta dame ni. Ina kuma ganin cewa ɗaya daga cikin wuraren da za a iya fara cike ta shi ne gari irin Lambara, da ke ƙaramar hukumar Shagari maƙwabciyar Bodinga, duk da cewa ba garin masana'antar rini ba ne. Abin da Lambara da ƙauyukan da ke kewaye da ita suke da shi shi ne kayan aikin: gero da dawa da wake da gyaɗa a tudu, shinkafa da albasa a fadama da gefen madatsar ruwan Shagari, da mutanen da suka san yadda ake rufe wuta ta ci itace ba tare da ta mayar da shi toka ba. Birni yana da dattin ruwan, karkara tana da abin tace shi. Saura a san wane abu ne za a ƙona, wane ne zai saya, kuma ina za a kai shi bayan ya gama shan guba.

Masu rubuta takardun bincike sukan lissafa duk abin da ya rage bayan girbi a matsayin shara. Manomin Lambara ba zai yarda da wannan lissafi ba, kuma shi ke da gaskiya. Karan dawa danga ne, rufin ɗaki ne, makamashin girki ne, abincin shanu ne a lokacin bazara. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce, ana ɗora ta bisa itace ko rufin soro ana jiran ta yi tsada kafin babbar salla. Dusa ta masu kiwo ce. Ko abin da aka bari a gona, dabbobin makiyaya suna ci su bar taki, ƙasar da ta gaji ta ɗan farfaɗo. Duk wanda ya zo da shirin kwashe waɗannan ya mayar gawayi, to ya zo ƙwace abincin tumaki ne da ƙarfin gona, kuma shirinsa ba zai kai damina biyu ba.

Abin da za a iya kira rarar gaske kaɗan ne, amma yana da yawa a inda yake. Na farko shi ne buntun shinkafa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne. Dabba ba ta jin daɗinsa, domin cike yake da sinadarin silika, wato irin abin da ke cikin yashi, kuma saboda haka ne ma ba ya saurin ruɓewa. Mata masu turara shinkafa suna hura wuta da shi, masu kiwon kaji suna shimfiɗa shi, amma abin da ƙananan injinan sheme ke fitarwa yakan fi ƙarfin masu ɗiba, sai ya taru tsibi guda a bayan inji, iska tana watsa shi, ko a cinna masa wuta ya yi ta cin kansa yana turnuƙe unguwa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rancen noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa da injinanta suka ƙaru a yankin Kabi da Sakkwato, har aka buɗe babban kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu a 2017. Manyan kamfanoni suna iya ƙona nasu buntun su samu tururi. Ƙananan injinan kasuwannin karkara su ne ba su da yadda za su yi da nasu. Bayan buntu akwai totuwa, da ɓawon gyaɗa, sai kuma masu tauri irin ƙodagon goriba da ƙwallon aduwa, waɗanda yara ke gaigaye bayansu su yar.

Yadda gawayi ke kama rini ba abu ne mai wuyar ganewa ba. Idan aka ƙona ɓawo ko buntu a wurin da iska ba ta shiga sosai, ruwa da hayaƙi da kwalta su fita, sai a bar ƙashin abin, baƙi, cike da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Idan aka sake gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa 900, ko aka jiƙa shi da wani sinadari kafin a gasa a zafin da bai kai haka ba, ramukan sukan buɗe su ninka. Gawayin tacewa mai kyau, giram ɗaya nasa yana iya samun faɗin ciki da ya kai murabba'in mita 1,000. Wato abin da bai wuce cikin cokali biyu ko uku ba, da za a iya shimfiɗa bangon ramukansa, zai rufe filin ƙwallo. Ƙwayoyin rini suna shiga waɗannan ramuka su manne, ruwa ya wuce. Mafi yawan irin wannan gawayi da ake sayarwa a duniya daga kwal ake yin sa, ko itace, ko ɓawon kwakwa na ƙasashe irin Siri Lanka da Filifin da Indonesiya, kuma da kuɗin waje ake shigo mana da shi. Ga mu da ƙodago yana zube a gindin goriba.

Kafin a ɗauka cewa wannan tunani baƙo ne, ya kamata a tuna yadda marina ta asali take. A karofin Ƙofar Mata na Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, da na Kura da sauran garuruwan rini, kayan aikin baba ne da toka da ruwa. Idan rijiyar rini ta mutu, ba a zubar da abin da ya kwanta a ƙasanta. Ana kwashe shi, a cura, a shanya, a ƙona, ya zama katsi. Katsin nan ana mayar da shi cikin sabon haɗi, ana kuma cuɗa shi da gashin da majema suka kankare daga fata da ruwan dafara a yi laso, wanda da shi ake shafe cikin rijiyar rinin kanta da rufin soraye don kada ruwa ya ratsa. Dattin marini kayan aikin magini ne, dattin majemi ma haka. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da rinannun tufafinta suna ratsa Sahara, kuma sana'ar da ta kai wannan girma ta san inda take kai ragowarta. Saboda haka idan na ce a mayar da buntu abin tace ruwan rini, ina kira ne a dawo da wata tarbiyya ta sana'a da muka taɓa samu, da kayan aikin da suka dace da rinin yau.

Domin rinin yau ba baba ba ne. A 1856 wani matashi ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa rinin farko daga kwaltar kwal, a 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta. Daga nan garin rini na gwangwani ya mamaye duniya, ya iso har zaurukanmu. Mai rinin shadda a yau yana aiki da ruwan zafi, da garin kala, da soda mai cin hannu, da farin garin da ake kira haidiro mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ya gama, ruwan baho ya tafi kwata. A wasu ire-iren rinin, abin da bai kama tufafi ba yakan kai kusan rabin abin da aka zuba. Launin da ke tafiya a rafi yana hana hasken rana shiga, tsirran ruwa su mutu, kifi ya rasa iska. Wasu rinan dangin azo kuma idan suka warware sukan saki sinadaran da ke jawo ciwon daji, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da irinsu a tufafi da fata a 2002. A Kano, ruwan unguwanni da na masana'antun Bompai yana bin Jakara da Getsi, na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, kuma a gefen waɗannan ruwaye ne masu lambu ke shayar da latas da kabeji da alayyafo da ake kaiwa kasuwa. Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce: masu adire na Itoku a Abeokuta da mata masu rinin shadda a Bamako, bakin kogin Neja, suna fama da irinta.

To me ya sa binciken da ya yi nasara a kwalba bai isa kwata ba? Dalili na farko yana cikin kwalbar kanta. Rinin da ɗalibai suka fi gwaji da shi, shuɗin metilin, yana da sauƙin kamawa. Ƙwayarsa tana ɗauke da cajin lantarki irin wanda fuskar gawayin buntu ke jawowa, don haka ko gawayi mai rauni zai nuna bajinta a kansa. Ga shi an dama shi a tataccen ruwa, shi kaɗai, babu abokin takara. Ruwan marini kuwa wani abu ne daban. Rinan da ake yi wa auduga da yawansu cajinsu kishiyar na metilin ne, fuskar gawayi tana ture su, musamman a ruwa mai kanwa-kanwa, kuma soda takan kai ruwan baho wajen 11 ko 12 a ma'aunin da masana ke kira pH. Sannan ga gishiri, ga sabulu, ga sitaci, ga kaloli uku ko huɗu a gauraye, kowanne yana neman gurbi a ramuka ɗaya. Gawayin da ya share metilin cikin rabin sa'a yana iya toshewa nan take idan aka zuba masa wannan. Ban ce a daina gwaji da metilin ba. Ma'auni ne mai amfani wajen kwatanta gawayi da gawayi. Amma malamin da ya bar ɗalibinsa ya tsaya a nan ya rubuta cewa an samo maganin ruwan masana'antu, ya bar shi ya faɗi abin da gwajin bai nuna ba.

Dalili na biyu shi ne an ɗora wa gawayi aikin da ba nasa ba. Rinin da ake haɗawa da soda da haidiro, da zarar iska ta buge shi yakan koma gari wanda ba ya narkewa. Kaso mai yawa na launin da ake gani a irin wannan ruwa laka ce mai kala da ke yawo, wadda za ta kwanta idan aka ba ta lokaci a cikin kwarami aka sa mata alif. Garin ƙwayar zogale ma yana tara datti ya kwantar da shi, abin da matan karkarar Sudan suka daɗe suna yi wa ruwan Nilu kafin masana su auna shi. Bayan kwanciya sai a karya ƙarfin sodar, a bi da ruwan ta cikin yashi, sannan a ƙarshe ya ratsa durom mai cike da gawayi, wanda zai kama abin da ya narke ya ƙi kwanciya. A haka gawayi zai daɗe yana aiki. Wanda ya juye ruwan baho kai tsaye a kansa, kwana kaɗan zai ce abin ƙarya ne, ya koma wa kwatarsa. Gari mai laushi kuma, irin na kwalba, ba ya aiki a durom, toshewa yake yi. Ana buƙatar tsaki-tsaki mai tauri, kuma a nan ne ƙodagon goriba da ƙwallon aduwa suka fi buntu, domin buntu yana da toka da yawa kuma yana saurin marmashewa. Mai yiwuwa amfanin buntu ya fi yawa a matakin farko, inda ake son abu mai arha da yawa, a bar masu taurin su yi aikin ƙarshe. Gwaji ne zai raba wannan gardama, amma gwaji da ruwan baho na gaske.

Sai tambayar da na fi jin tsoronta, wadda kundaye da yawa ke tsallakewa: ina za a kai gawayin bayan ya ƙoshi? Gawayi ba ya kashe rini, riƙe shi kawai yake yi. Gubar da ke cikin ganga goma ta ruwa ta dawo cikin buhu ɗaya. Idan aka zubar da buhun a juji, ruwan sama zai wanke shi ya mayar rafi. Idan wata baiwar Allah ta tsince shi ta hura wutar girki, ta shaƙi hayaƙinsa ita da 'ya'yanta. Idan aka ce ai gawayi yana gyara ƙasa aka watsa shi a gona, an kai gubar gindin abinci. Mu a wannan yanki mun ga abin da ke faruwa idan abu mai guba ya shiga tsakar gida da sunan sana'a: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Rini ba dalma ba ne, amma hanyar shigar ɗaya ce, wato abu ya zo gida ba a gaya wa mutane abin da ke cikinsa ba. Duk shirin da bai tanadi hanyar karɓar gawayin da ya gama aiki ba, gara kada a fara shi.

Sakkwato tana da wata dama a nan da garuruwa da yawa ba su da ita. A Kalambaina akwai masana'antar siminti da ta fara aiki tun 1967, kuma tandun siminti yana kai zafin wajen digiri 1,450, zafin da ke tarwatsa rini ƙurmus. A ƙasashe da dama ana ƙona irin wannan datti a tandun siminti a matsayin makamashi, ƙarƙashin sa idon hukuma. Abu ne da ya cancanci a zauna a tattauna da masu kamfanin da hukumomin muhalli. Sai dai a ware gawayin da ya tace ruwan jimar zamani, mai sinadarin kuromiyam, domin ƙarfe ba ya ƙonewa, kuma kuromiyam matsala ne a cikin siminti. Jimar gargajiya ta fatar jan akuyar Sakkwato, da ake yi da bagaruwa, ba ta da wannan ƙarfe. Dattinta na daban ne.

Su ma masu yin gawayin a Lambara dole a kare su. Hanyoyin da suka fi ba da sakamako mai ƙayatarwa a takarda suna amfani da asid da sinadarai masu cin fata, waɗanda bayan gasawa sai an wanke su da ruwa mai yawa, ruwan wankin kuma ya zama sabon datti. Ba zan so a kai wannan ƙauye ba. Tandun durom mai murfi da bututun hayaƙi, irin wanda manoman shinkafa a Japan da Filifin suka daɗe suna gasa buntu da shi, ya isa matakin farko. Farfaɗo da ramuka da tururi a yi shi a wuri ɗaya mai kulawa, ƙarƙashin ƙungiya. A kuma kiyayi barin buntu ya ci wuta mai tsanani har ya zama farar toka, domin a babban zafi silikarsa takan rikiɗe ta zama irin wadda ƙurarta ke lalata huhu. Takunkumin hanci da jiƙa gari kafin a niƙa ba ado ba ne. Wani alherin da ke tattare da wannan sana'a shi ne ba ta taɓa itace, a yankin da kowace bishiya ke tare hamada.

Ragowar magana ta kuɗi ce. Mai rini ba zai sayi gawayi don tausayin kifi ba matuƙar kwata kyauta ce, kuma ba zan zarge shi ba, ribarsa a kan kowace shadda ba ta da yawa. Doka tana nan: an kafa hukumar kula da muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin muhalli na masana'antun tufafi da fata. Amma an tsara su ne da babban kamfani a zuciya, ba mutum mai baho shida a lungu ba. A Tiruppur ta Indiya, sai da babbar kotun Madras ta rufe marinai wajen 700 a farkon 2011 saboda lalata kogin Noyyal kafin masu sana'ar suka rungumi tace ruwa a haɗe da sake amfani da shi. Dubban ma'aikata sun sha wuya a lokacin. Ba na fatan mu jira irin wannan guduma. Abin koyi daga can shi ne haɗuwa: marina ashirin su zuba ruwansu a kwarami ɗaya, su ɗauki mutum ɗaya mai kula, su raba kuɗin. Kuma akwai abin da zai ja hankalin marini fiye da tsoron tara, wato ruwa. Wanda ke sayen ruwa daga 'yan garuwa a bazarar Sakkwato, idan aka nuna masa cewa ruwan ɗaurayarsa zai iya dawowa ya sake ɗauraya da shi, zai yi lissafin da kansa.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen kimiyyar sinadarai, tana da Cibiyar Binciken Makamashi da ta daɗe tana ƙera murhu da na'urorin karkara. Ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi mai masu walda da ƙira. Tsakaninsu da Bodinga da Shagari tafiyar safiya ce. Abin da nake roƙo bai kai girman wata sabuwar cibiya ba. A zaɓi injin sheme ɗaya da ƙungiyar matasa ɗaya a Lambara su riƙa gasa buntu da ƙodago. A zaɓi rukunin marina ɗaya a cikin birni da suka yarda a gina musu kwarami da durom. A sa ɗalibai, maimakon kowa ya dama metilin ɗinsa, su riƙa ɗibar ruwan da ke shiga da wanda ke fita kowane mako, rani da damina, su auna launi da soda da gishiri. A rubuta buhu nawa na gawayi ke tace ganga nawa kafin launi ya fara ɓullowa, nawa aka kashe daga bakin inji zuwa ƙofar marina har da kuɗin mota, nawa matashin Lambara ya samu a kan kowane buhu, kuma wa ya karɓi gawayin da ya ƙoshi, ya kai shi ina. Idan lissafin ya nuna buntu bai biya ba amma ƙodago ya biya, a faɗa. Idan ya nuna sai gwamnatin jiha ta ɗauki kuɗin mota na shekarun farko, a kai wa Ma'aikatar Muhalli takardar da lambobinta, tare da sa hannun shugaban marina da na masu injin.